Shari'ar Dattijuwa Mai Shan Baƙin Mai

Jiya da dare, ina kwance da galan biyu na baƙin mai a gindin gadona, na yi wani mafarki.

Bari in fara da yadda aka yi galan biyun suka kwana a ɗakina, kada a ce tela ya fara taɓuwa. Muna da wata tsohuwar mota da marigayi Baba ya bari, muna ce mata Dattijuwa. A da fara ce, yanzu ta koma launin haƙorin mai cin goro. Aibinta ɗaya ne, shan baƙin mai. Ka cika mata inji yau, ka je Kano ka dawo, ka zaro gejin auna mai, za ka tarar da shi a bushe ƙamas. Na taɓa shimfiɗa kwali a ƙarƙashinta ta kwana a kai, da safe ko ɗigo babu. Ke nan ba yoyo take yi ba, sha take yi, sannan ta fesar da shi ta salansa, hayaki shuɗi-shuɗi. Barau makanike ya ce ringi na cikin inji ne suka cinye, sai an sauke inji, kuma aikin zai ci mako ko fiye.

Mu kuwa ba mu da mako. An aiko daga Rijiyar Kuka, can bayan Kazaure, cewa Gwaggo Tabawa tana kwance, jiki ya yi tsanani, kuma ba ta kiran kowa sai yayarta, wato Innata. Su biyu kaɗai suka rage a ɗakinsu. Inna kuma ba ta shiga kowace mota in ba Dattijuwa ba. Duk wadda ta shiga, jiri ne da amai tun ba a fita Zariya ba. Saboda haka da safe zan ɗauke ta, kuma tilas motar nan ta kai mu.

Da yamma Barau ya tsiyaye tsohon man, ya bar mini inji wayam. Ƙanena Ɗanlami ya kawo galan na tsinkakken mai irin na zamani, ya ce shi ne lafiyar inji. Maƙwabcina Nomau ya kawo galan na mai kauri, ya ce shi ake ba tsofaffi. Na tambayi Barau wanne zan zuba, ya ɗaga kafaɗa ya ce, "Kowanne ka zuba, Sallau, shanyewa za ta yi." Ni dai tela ne, na tsufa ina ɗiga wa keken ɗinki mai, kuma keke tsinkakke yake so. Inji ai inji ne. Na kwanta da niyyar na Ɗanlami zan zuba, ko tantama ba na yi.

Sai ga ni ina tuƙi da rana tsaka, Inna tana kujerar baya da ƙunshinta a cinya. Titi yana naɗe kansa a bayanmu, duk inda muka wuce sai ya tattara ya biyo mu. A gefen hanya itatuwa sun taru a gindin wani dogon tsoho suna shan inuwa, kowanne da ludayinsa. Ban ga abin tsayawa ba, na ci gaba da tafiya.

Can muka iso wani shinge, an gitta karan rake a hanya. Wata akuya mai hular ma'aikata ta leƙo ta taga.

"Me kuka sha a hanya?" in ji ta.

Na ce, "Ba mu sha komai ba."

"Ƙarya ke nan tun da sallama. Na hango ku kun sha kwana a wajen gada. Kwanar ta jama'a ce, ku dawo da ita."

Ina shirin yin gardama, Inna ta kwance ƙunshinta, ta fito da kwanar a cikin ƙwarya ta miƙa. Akuyar ta juye ta a kan titi, titin ya lanƙwashe yadda yake a da. Sannan ta gyara hularta ta ce, "Nan garin Sha ne. Duk abin da bakinku ya saba cewa an sha, a nan shan gaske ake yi masa."

Na ce, "Lallai yau na sha mamaki."

Ban rufe baki ba aka miƙo mini shi a kofin silba. Na kurɓa. Ɗanɗanon tsamiya ne da shi, ba sukari, kuma yana sa gira ta ɗaga da kanta.

Da mun wuce lafiya, in ba don Dattijuwa ta yi tari ba. Hayaki shuɗi ya turnuƙe shingen. Akuyar ta zagaya baya, ta sunsuna salansa, ta dawo fuska a murtuke.

"Tsohuwar nan taba take sha?"

"Baƙin mai take sha."

"Da izinin wa? Shi mai, wanka aka ce inji ya yi da shi, ba a ce ya sha ba. Sai gaban Sarkin Sha. In an same ta da laifi, ɗinke mata baki za a yi."

Na ce mata sauri muke yi, ƙanwar Inna tana kwance. Ta ce ta ji, Allah ya ba ta lafiya, sannan ta ɗaura wa motar igiya a bamba ta ja ta kamar saniya. Inna ba ta sauka ba.

Sai ga mu a tsakiyar kasuwa. Wata mata tana sayar da iska a ƙore, ta safe daban ta yamma daban, magidanta sun yi layi suna sha. Gaba kaɗan rumfar masu shan kunu ce, duk wanda ya kurɓa sai fuskarsa ta ɗaure, ya tashi ba ya gaida kowa. Wani ɗan dambe ya sha kaye har kofi uku, yana kwance yana neman ƙari. Na ga abokai biyu sun sayi bamban a ƙwarya ɗaya, suka sha tare, ɗaya ya yi gabas ɗaya ya yi yamma. Wani kuma zaune yake shi kaɗai, ya sha alwashi tun safe, sai gyatsa yake yi, bai tashi ya aikata komai ba. Wannan na gane shi, kamanninsa ɗaya da wani mai kawo mini ɗinki.

Kotun a cikin rijiya take, amma hawa ake yi kafin a kai ƙasanta. Sarkin Sha raƙumi ne, da rawani, yana zaune a kan buzu yana tuƙa. An gaya mini rabonsa da ruwa tun bara, shi ya sa aka naɗa shi, don bai ga dalilin da zai sa kowa ya ji ƙishirwa ba.

Na durƙusa na ce, "Ranka ya daɗe."

Ya ce, "Ya riga ya daɗe. A kira shaidu."

Kwali ne ya fara shigowa, yana tafiya a karkace, shi ne dai wanda na shimfiɗa a ƙarƙashinta. Ya ce, "Na kwana a ƙarƙashin baiwar Allah nan. Ko ɗigo bai taɓa ni ba." Na gyara zama, na ce a raina ga namu ya zo. Amma raƙumin ya girgiza kai ya ce, "Kun ji ko? Ta shanye tas, ko ƙasa ba ta ɗiga wa ba. Ga sha ga rowa."

Bayansa fulogi huɗu suka shigo a jere, 'yan uwa ne, kawunansu baƙi ƙirin suna naso. Babbansu ya ce, "Mu aikinmu ƙyasta wuta. To kullum a jiƙe muke kwana, a jiƙe muke tashi. Ina aka taɓa ƙyasta ashana a cikin miya?"

Sannan aka shigo da ringi. Wasu tsofaffi ne ramammu, ba haƙori, sun riƙe hannun juna sun yi da'ira. Raƙumin ya tambaye su aikinsu. Ɗaya ya ce, "Masu gadin ƙofa ne mu, ranka ya daɗe. Mai yana ƙasa, wuta tana sama, mu ne a tsakani. A zamaninmu ko iska ba ta wuce mu. Yanzu mun rame, ƙofa ta yi mana faɗi. Mai yakan zo ya yi mana sallama, ya bi ta gefenmu ya haye sama, wuta ta cinye shi. Mukan amsa sallamar dai, don ba ma son rashin kunya."

Raƙumin ya juya ga Dattijuwa. "Kina da ta cewa?"

Bonet ya ɗaga a hankali. Muryarta irin ta tsohuwar da ta daɗe ba ta yi magana ba ce, sai da ta yi gyaran murya sau biyu.

"Ranka ya daɗe, tunda garin Sha muke, bari a lissafa. Na sha rana. Na sha ruwan sama a waje, don ba a taɓa gina mini rumfa ba. Na sha hanya, na sha kaya, buhun masara har kan rufina. Na sha turi, na sha faci, na sha walda. Na sha zagi wurin 'yan acaɓa. Na sha kai amare gidajensu."

"Dakata," in ji raƙumin. "Kan wa kika sha?"

"Ba kai na sha ba. Kaiwa na sha yi."

"A rubuta ta sha kaiwa," in ji shi, ko da yake ba mai rubutu a wurin. "Ci gaba."

"Na sha kai masu naƙuda asibiti. Wannan da ke durƙushe, a kujerata ta baya ya koyi zama. Ranar da mai gidan ya tafi, ni na kai shi asibiti, na dawo gida babu shi. Wannan ma na sha, kuma har yau bai wuce mini a maƙogwaro ba. To wanda ya sha duk wannan, ranka ya daɗe, ai ya nemi abin korawa. Ɗan man da nake kurɓa, korawa nake yi."

Na waiwaya na dubi Inna ta gilashi. Tana zaune yadda take, ta ɗora tafin hannunta a kan kujerar tana shafawa. Tausayinsu su biyun ya kama ni har na ji idona ya kawo ruwa, na yi maza na haɗiye, don ban san hukuncin shan hawaye a garin ba.

Raƙumin bai ji komai ba. Ya ce, "A zaro gejinta."

Akuya ta zaro, ta ɗaga sama. Babu mai ko kaɗan, amma a can bakinsa akwai wani abu kore yana yauƙi. Ta lasa, ta ja da baya.

"Miyar kuka ce," in ji ta. "Ranka ya daɗe, ta sha miya."

Nan take kowa ya miƙe tsaye, har kwali. Ashe a garin ba a zaune a gaban wanda ya sha miya. Raƙumin ma sai da ya tashi, gaba ya fara sannan baya, ya ɗan rusuna ya koma. Ya ce tunda babba ce, ba za a yi mata hukunci kai tsaye ba. Za a kawo masu neman aikin cikinta, ni in zaɓi ɗaya. In wanda na zaɓa ya zauna a cikinta har ta kai inda za ta, an sallame mu. In ya ƙare a hanya, ni da kaina zan ɗinke mata baki, tunda an ce ni tela ne. Aka miƙo mini basilla mai tsawon tabarya, da zare irin na ɗinkin buhu.

Na karɓa na ce, "Ai wannan mai sauƙi ne. Amma da za a ba mu mako guda a sauke inji a sa sababbin ringi, da an huta gaba ɗaya."

Sai Inna ta sauke gilashi. Ba ta kiran sunana, ni ne ɗanta na fari.

"Kai ɗan nan, zo."

Na je. Ta sunkuyar da kai ta ce in duba ƙeyarta. Ashe a garin kowa da gejinsa a ƙeya, ni ne ban lura ba. Na zaro nata a hankali. Man ya sauka ƙasa da layin ƙasa, amma da saura, ya jiƙa bakin. Na mayar. Sai ta sake kwance ƙunshinta ta fito da wani gejin, siriri, an naɗe shi da tsumma.

"Na Tabawa ne," in ji ta. "Ta ba ni ajiya."

Na ɗaga shi a rana. Ba za a ce akwai mai ba, sai dai ɗan sheƙi a can ƙarshen, kuma ina kallo yana dusashewa.

"Ka ga mako a nan?" in ji Inna.

"Babu, Inna."

"To bar dogon Turanci."

Tsoro ya shige ni a wurin, tsoro na gaske. Na mayar mata da gejin na koma gaban raƙumi na ce a kawo su.

Wanda ya fara shigowa wani saurayi ne siriri da kwat, yana riƙe da kwalbar turare da tsinke a ciki, yana shan ƙamshi. Bai gaida kowa ba.

"Sunana Biyar-da-Talatin," in ji shi, wato lambar da ke jikin galan ɗin Ɗanlami. "Kafin ka gama murɗa mukulli na zagaye inji na dawo. Sanyi bai dame ni ba. Sababbin motoci layi suke yi a kaina."

Na ji daɗinsa. Irin man da na sani ke nan, mai gudu, mai tsabta, ba ya ɓata yadi. Na buɗe baki zan ce shi na zaɓa, sai na ji ƙara daga bakin ƙofa, kakat-kakat-kakat. Keken ɗinkina ne ya shigo a guje da ƙafafunsa na ƙarfe, da wandon wani rabin ɗinki yana reto a bakinsa.

"Maigida," in ji shi yana haki, "na san ni kake tunani."

Na ce, "Kai wa ya bar maka shago?"

"Bar wannan. Ni a inuwa nake aiki. Ban taɓa zafi ba, babu wuta a cikina, ban taɓa hawan tudu da mutum biyu da ƙunshi ba. Ɗigo uku kake ba ni in yi wata. Kada ka yanka mata riga da awona."

Wannan magana ta shige ni, don babu abin da tela ya tsana kamar a ce ya yi yanka da awon wani. Na ce a gwada saurayin tukuna. Tsofaffin ringi suka tsaya a bakin ƙofa suka riƙe hannu. Saurayin ya taho, ko lanƙwasa bai yi ba, ya bi ta tsakaninsu sumul. Jim kaɗan muka gan shi yana fita ta taga, ya zama hayaki shuɗi, yana ta bayani da Turanci har ya ɓace. Tsofaffin suna nan tsaye suna jira, ɗaya yana tambaya ko yaron ya iso.

Raƙumin ya ce, "Yaron kirki ne, a gidan da ƙofa ke rufuwa. Na gaba."

Akuya ta ce na gaba shi ne Goma-sha-Biyar-da-Arba'in, amma ba zai samu zuwa ba. An tsare shi a shinge, saboda gomarsa ta sha biyar ba da izini ba, kuma har yanzu ana neman biyar ɗin.

Kafin a kira wani, wani ɓera ya faɗo daga rufi da 'yar kwalba a wuya. "Sha yanzu magani yanzu!" in ji shi. "Murfi ɗaya a cikin inji, tsohuwa ta koma budurwa, hayaki ya ɗauke, ringi su yi ƙiba!" Inna ta leƙo ta taga ta dube shi sama da ƙasa, ta ce, "In yana yi, ka fara ba uwarka." Ɓeran ya koma rufi.

Na ƙarshe ba shigowa ya yi ba, shigo da shi aka yi a kan tabarma. Wani ƙaton mutum ne mai tumbi, launin zuma, yana barci. Aka tashe shi. Ya ɗauki lokaci kafin ya zauna, ya ɗauki wani lokacin kafin ya gama hamma, sannan ya gaida kowa ɗaya bayan ɗaya, har da keken ɗinki.

"Ni ne Ashirin-da-Hamsin," in ji shi. "Mai Kauri ake ce mini."

Na ce, "Malam, sauri muke yi."

"To ka samu wanda ba ya yi. Ni da sanyin safiya sai an yi haƙuri da ni. Ka tada ta, ka bar ta ta ɗumama, kada ka taka totur kamar ana bin ka. Amma in rana ta take, inji ya ɗau zafi, lokacin da yara suke narkewa, ni a lokacin nake jin daɗin aiki."

"Za ta sha ka?"

"Za ta sha ni mana. Wa ta ƙyale? Sai dai ni da ludayi za ta sha ni, ba da ƙwarya ba. Kuma kada in yi maka ƙarya, ba na warkar da ringi. Wannan aikin Barau ne, in kun dawo ka kai masa. Ni iyakata in zauna a bakin ƙofa in cike gurbi. Kai kuma duk garin da ka tsaya, ka nemi wuri mai daidai, ka bari ta huce kaɗan, ka zaro geji ka duba. In na ragu ka ƙara. Kada ka cika har ya wuce layi, tsohuwa ba ta son ɗurawa."

Aka ce ya gwada ƙofa. Ya taso da ƙyar, ya isa wurin tsofaffin, ya sa kafaɗa zai wuce, ya maƙale. Ya ja baya ya sake gwadawa, ya sake maƙalewa. Sai kawai ya zauna a tsakiyarsu suka shiga gaisuwa. Ina gajiya, ina iyali, yaya ƙafa, yaya bayan rabuwa. Ɗan yatsansa ɗaya ne kawai ya zurara ta ƙasan ƙofar, ya fita ta taga, ɗan hayaki kamar na turaren wuta.

Ni mutum ne da ba na jin nauyin sauya ra'ayi, muddin ba wanda ya ji na farkon. Na miƙe na gyara hula na ce, "Ranka ya daɗe, ai tun daga gida wannan na zaɓa."

Keken ɗinki ya yi wani ɗan kakat, na harare shi ya yi shiru.

Raƙumin ya ce, "Ka ji da kunnenka, shi ma za ta sha shi."

"Ta sha, ranka ya daɗe. Ban zo hana ta sha ba, na zo ta kai mu ne. Bakin da ya sha wahalar gidanmu ba ni zan ɗinke shi don ya sha mai ba." Na ajiye basillar a gabansa.

Ya daɗe yana tuƙa yana kallona. Sannan ya ce shi har yanzu bai gane ƙishirwa ba, amma ya gane taurin kai, don a gidansu aka fara shi. Ya ce a sallame mu, kuma a yi wa tsohuwa sha tara ta arziki. Aka kawo tara a faranti, Dattijuwa ta shanye, ta yi godiya.

Sai ga mu a bakin hanya, ba kotu ba kasuwa. Bonet a buɗe, mazurari a bakin inji, Mai Kauri ya koma cikin galan, ina jin minsharinsa ta murfi. Can gabanmu ga Rijiyar Kuka, na gane ta da kukar da ke bakin gari, sai dai rijiyar tana can saman kukar, mata suna hawa da guga. A ƙofar wani gida ga Gwaggo Tabawa zaune a kan tabarma, 'yar ƙarama, da ƙwarya ɗaya a gabanta da ludayi biyu. Ba ta sha ba, jira take yi. Garin kuma yana matsawa baya a hankali kamar kwalekwalen da aka kwance.

Na karkata galan. Man ya taho a natse, igiya guda mai kauri, yana sauka ƙwal, ƙwal, ƙwal.

"Kai ɗan nan, zuba da sauri," in ji Inna.

"Inna, mai kauri ba ya sauri."

"To zuba da haƙuri, amma kada ka tsaya."

Na ci gaba da zubawa. Ina kallon garin da ido ɗaya, ina kallon mazurari da ɗayan, na kuma san a raina za mu cim masa. Ƙwal, ƙwal, ƙwal. Gwaggo Tabawa ta ɗaga ludayi ɗaya tana nuna wa Inna. Ƙarar ta yi ta ƙaruwa, ƙwal, ƙwal, har ta cika mini kunne.

Na buɗe ido. Matata Lantana ce a bakin ƙofa tana tsiyaya ruwa daga jarka zuwa buta. An yi kiran asuba ban ji ba.

Na yi salla, na sunkuya gindin gado na jawo galan ɗin Nomau. Na Ɗanlami ma na ɗauka don in jefa a but, in ta kama a hanya tsinkakke ya fi babu. Na fito waje gari bai gama wayewa ba. Ƙofar baya ta Dattijuwa a buɗe take, Inna tana ciki a zaune da ƙunshinta a cinya, da mayafinta na fita unguwa, kofin kununta a gefe babu komai a ciki. Ban san tun yaushe take wurin ba.

Ta dubi galan ɗin da ke hannuna, ta dube ni.

"Kai ɗan nan, ba ta man ta sha mu tafi," in ji ta. "Ni na riga na sha nawa."